Ɗauko Gwaggo daga Gabi da Kamiyon Yaya Habu

Madarunfa zuwa Maraɗi

Ladan bai yi kiran farko ba na tada kamiyon a ƙofar gida. Ranar Talata ce a ƙarshen bazara, an kwana biyu hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Ni tela ne, sunana Sanusi, shagona yana bakin kasuwar Madarunfa. Kamiyon, wato babbar motar kaya, na yayana Habu ne, da shi yake ci da iyalinsa, kuma ba ya ba kowa makullinsa. Sai dai ya faɗo daga saman lodin buhunan wake ya karye a cinya, yana kwance an ɗaure ƙafar. Ina da farmi, wato lasisin tuƙi, tun ina saurayi, amma rabona da riƙe mota mai wannan girma har na manta.

Abin da ya fitar da ni shi ne Gwaggo Hadiza, ƙanwar mahaifinmu. Mijinta ya rasu, ta gama takaba a wani ƙauye bayan Gabi, ɗiyarta ɗaya tilo tana aure a Najeriya. Ɓarayin shanu sun fara leƙa ƙauyukan wajen, kuma da ruwa ya sauka gulbi ya kawo, hanyar ta yanke ke nan sai kaka. Dangi suka zauna suka ce a ɗauko ta da kayanta tun yanzu.

Ina ɗumama inji Yaya Habu ya kira ni ta tagar ɗakinsa.

"Sanusi, motar ga ciwo biyu gare ta. Tana zahi, kuma bolan ya yi tauri. Ka biya Maraɗi ka sayi ruwan radiyata da man bolan, ka wanke mata ciki duka biyun kahin ka ɗora mata kaya."

"Yaya, ba sai in kai ta garaji ba?"

"Wa ka taɓa gani na bari ya sa mata hannu? Ni zan gaya maka komi a salula. Ruwan radiyata kore ne, man bolan ja ne. Abin da wuya?"

Na ce babu wuya. Na yi sallar asuba a wani masallacin bakin hanya, na kama kwalta. Bolan ɗin, wanda mutanen Katsina ke ce wa sitiyari, sai da hannu biyu da kafaɗa nake juya shi, kuma duk kwana sai ya yi wani kuka siriri daga ƙarƙashin kapo, murfin inji.

Maraɗi

Rana na fitowa na tsaya ƙofar gidan Malam Iliya. Kafinta ne, Kirista, abokin Yaya tun suna samari, kuma shi Yaya ya roƙa ya raka ni don ya kwance gadon Gwaggo da ƙyauren ɗakinta. Ya fito da akwatin kayan aikinsa, fensir a bayan kunne. Na gaya masa aikin da aka ɗora mani.

"Ni itace na sani, Sanusi," in ji shi. "Amma zan riƙe maka fitila."

Muka je layin masu kayan mota. Mai shagon da muka shiga yana ɗura komi daga manyan jarkoki zuwa tsofaffin gorunan ruwa. Na ce a ba ni kore gora biyu, ja gora biyu.

"Kore ya ƙare. Yanzu na radiyata ma ja aka yi shi. Shi ne sabon yayi."

Na kira Yaya. Ya ce in ja ne to sai mu wanke tsohon tsaf, kada su haɗu a ciki, su biyun ba sa shiri. Na tambaye shi abin da ke faruwa in sun haɗu, ya ce kada in bari in sani. Mai shago ya miƙo mana gora huɗu, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ba takarda a jikin ko guda. Malam Iliya ya zaro fensirinsa ya yi alama a murafun, muka jera su bayan kujera. Muka sha kunu da ƙosai na dala ashirin a tsaye, muka kama hanyar Safo.

Safo

Tun kafin mu ga gidajen Safo allurar zafi ta kwanta kan ja. Na gangara ƙarƙashin wata tsamiya kusa da rijiya na kashe inji. Radiyata, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, tana ta ƙugi kamar an ɗora sanwa. Yaya ya ce kada in kuskura in taɓa murfin sai ƙarfen ya huce har zan iya ɗora masa tafin hannu in bar shi. Muka zauna jira. Wata mata mai tallan dambun zogale ta zuba mana, muka ci da ƙuli, rana ta ƙwalle.

Da na ciro gorunan sai na ga ɗaya ta yi yoyo a hanya, ta shafe sauran, alamun fensir sun goge duka. Malam Iliya ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya ya ce duk warinsu ɗaya. Na murza kowanne a yatsa, duk santsi. Na kira Yaya.

"Ai mai sauƙi ne," in ji shi. "Na radiyata zaƙi gare shi kamar..."

Rezo, wato layin salula, ya ɗauke. Na tsoma yatsa a gora ta farko na ɗago shi zuwa baki, Malam Iliya ya riƙe mani hannu.

"Dakata ya ƙarasa maganar."

Salula ta yi ƙara, Yaya ne. "Kada ka ɗanɗana, guba ce. Ko a ƙasa kada ka zubar, dabba na son shi, in ta sha mutuwa take. Ka ɗiga kowanne a ruwa. Wanda ya taso sama shi ne man bolan."

Muka ari kwano wurin mai dambu. Gora ta farko ta narke cikin ruwa, ta biyu ta narke, ta uku ta taso sama da ido-ido. Na ce to ta huɗu mai ce, ba sai an gwada ba. Malam Iliya ya ce a gwada dai. Ta narke. Uku na radiyata, ɗaya na bolan. Muka dubi juna. Ko mai shago ne ya yi kuskure, ko ni ne na faɗa ba daidai ba, har yau ban sani ba. Yaya ya ce gora ɗaya za ta isa in ba mu zubar da ko ɗigo ba.

Da inji ya huce na shiga ƙarƙashi da roba, na kwance zoben ƙarfen da ke riƙe tiyon ƙasa, na ja. Abin da ya zubo ba kore ba ne, ba kuma ruwa ba ne, wani abu ne mai kauri kalar kunun kanwa, har da ɓarɓashin tsatsa. Rabinsa ya shiga roba, rabi ya bi hannun rigata. Wani mai amalanken jaki ya sayar mana da ruwa, muka riƙa zubawa ta sama yana fita ta ƙasa. Muka mayar da tiyo, muka cika, muka tada inji ya ɗan zaga, muka jira ya huce, muka sake zubarwa. Haka muka yi ta yi har ruwan ya fara fitowa fari. Ƙazamin kuwa muka ɗura shi a wata tsohuwar jarka muka ɗaure bakinta, muka rufe inda ya ɗiga da yashi.

Na gauraya gora biyu da ruwa kamar yadda aka ce, na fara ɗurawa. Tun ban kai ƙarshe ba radiyata ta cika har baki. Abin da muka fitar ya cika roba, abin da muka mayar bai kai haka ba. Malam Iliya ya leƙa ƙarƙashi, ya leƙa sama.

"To sauran wurin mi ya shiga?"

Muka tafi a haka. Ba mu yi nisa ba allura ta sake hawa, da sauri ma fiye da ɗazu. Na tuna ƴaƴan Yaya shida da ke cin abinci daga wannan inji. Na kira shi.

"Iska ce ta maƙale ciki. Ku tsaya ta huce, ku buɗe murhi, ku matsa tiyon sama da hannu har ta yi gyatsa, ku ƙara ruwa. Kuma ka kunna shofaj har ƙarshe, ka bar shi kunne."

Shofaj shi ne abin ɗumama cikin mota lokacin ɗari. Na kashe salula na gaya wa Malam Iliya.

"Wane magani likita ya ba Habu?" ya tambaye ni a hankali. "Akwai wanda ke sa mutum sambatu."

Amma ba mu da wata dabarar. Muka matsa tiyo, radiyata ta yi ta fitar da kumfa, ruwan ya faɗa ƙasa, muka ƙara. Na yi azahar a gefen hanya, Malam Iliya yana tsaron allura. Sannan na kunna shofaj.

Hanyar Gabi

Ban taɓa shan zafi irin na wannan tafiya ba. Waje rana ce ta bazara, ciki kuma iska mai ƙuna tana hura mana ƙafafu. Malam Iliya ya cire takalma ya ɗora ƙafa kan akwatinsa, ya fitar da kai ta taga. Allura kuwa ta sauko kaɗan, ta tsaya tsakanin tsakiya da ja, tana rawa. Ban san ko wannan warkewa ce ko somin wani ciwon ba.

Kusa da Gabi muka tarar da shingen sojoji. Wani soja ya karɓi takardun mota, ya sa kai ta taga don ya duba bayan kujera, ya ja da baya da sauri.

"Mi kuka toyawa a ciki?"

"Magani ne, ranka ya daɗe," na ce. "Motar ce ba ta da lahiya."

Ya daɗe yana kallona. Ya sa na buɗe jarkar ƙazamin ruwa, ya shinshina, ya tambayi abin da zan yi da shi. Na ce ni ma ban sani ba, an dai ce kada in zubar. Ya miƙo takardun, ya ce in wani ƙauye za mu a bayan Gabi mu bari sai safe, ba a son mota a dajin bayan la'asar.

Muka sauka gidan wani mai awon hatsi da Yaya ke yi wa jigila. Ya ba mu zaure da tabarmi, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, ga fura mai sanyi a ƙwarya. Na wanke rigata na shanya, jan tabon bai fita ba.

Laraba, ƙauyen Gwaggo

Da hantsi muka isa. Na yi zaton zan tarar da kaya a ɗaure. Sai na tarar da Gwaggo zaune kan turmi tana ɓarar gyaɗa, komi na gidan yana inda yake. Ta rame, amma idonta yana nan yadda na san shi. Sunan mahaifinta aka sa mani, don haka Babana take ce mani. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, Malam Iliya ya durƙusa ya yi tasa. Ta kawo ruwa. Sannan na faɗi abin da ya kawo mu.

"Wa ya ce zan tahi?"

"Gwaggo, dangi ne sunka zauna."

"Sunka zauna da wa? Ni ina nan, ba wanda ya zo ya zauna da ni. Ga gonar Malam, ga kabarinshi can bayan kuka. Babana, ka sha ruwa ka huta, ka gaida su Habu."

Na fita waje na ɗaga salula sama, na zaga bayan rumbu, na hau kan kamiyon. Babu rezo ko layi ɗaya. Saƙon murya guda kawai nake da shi, wanda Yaya ya turo tun muna Gabi, kuma na gyaran bolan ne. Malam Iliya ya ce tunda ba mu san abin da za mu yi da Gwaggo ba, mu yi wanda aka gaya mana yadda ake yi.

Na fara duba radiyata, na ga ruwan ya sake faɗawa. Na ari wata tasa a madafar Gwaggo, na gauraya gorar ruwan radiyata da ta rage da ruwa, na cika. Ɗan abin da ya rage a tasar na tura shi ƙarƙashin mota cikin inuwa, da nufin in ƙara in ya sake faɗawa.

Saƙon Yaya muka saurara sau ba adadi. Ya ce a ɗaga gaban motar ƙafafun su bar ƙasa. A zuƙe tsohon mai daga ƴar tukunyarsa da sirinji. A cire tiyon da ke maido mai, ƙaramin, a sa bakinsa a gora, a toshe ramin da ya bari. Kada a taɓa babban. Mutum ɗaya ya riƙa juya bolan hagu da dama har ƙarshe ba tare da an tada inji ba, wani ya riƙa zuba sabo, kada tukunyar ta bushe, har sai abin da ke fita ya koma ja.

Ƙarfen ɗaga mota ya nutse cikin yashi da muka fara. Malam Iliya ya je ya tsaya gaban Gwaggo.

"Inna, a ara mana katako mai faɗi."

Ta nuna masa wani tsohon ƙyaure da ke jingine a bango ba tare da ta ɗago kai ba. Da shi muka yi matashi. Sirinji kuwa na allurar dabbobi ne, wani maƙwabci ya ba mu. Matsalar ita ce tiyo biyun da ke jikin tukunyar duk girmansu ɗaya a idona. Malam Iliya ya auna su da zare, ya ce ɗaya ya fi siranta da kaurin farce. Na ce in muka cire wanda ba shi ba fa? Ya ce to sai mu gani. Ya rufe ido ya yi ƴar addu'arsa, na yi bisimilla, na ja siririn.

Na hau na juya bolan. Malam Iliya yana sama da gorar mai ɗaya tilo, yana zubawa kamar mai ɗiga maganin ido. Amma ba wanda zai duba abin da ke fita a ƙasa. Na juya, na sauko na leƙa, na koma na hau. A hawa na uku na ji murya daga gefen taya.

"Baƙi ne. Kamar ruwan bagaruwa. Ci gaba."

Gwaggo ce, ta durƙusa ta riƙe gorar da hannunta.

"Har yanzu baƙi. Babana, juya da ƙarhi, ba ɗinki kake ba. Ya hwara yin kalar shayi. Kafinta, saura nawa a hannunka?"

"Bai kai rabi ba, Inna."

"To rage hannu. Juya. Juya. Tsaya, ya yi ja."

Muka mayar da tiyo, muka zuba ɗan abin da ya rage, ya tsaya daidai kan layi. Na tada inji. Kukan da ya fito ya ninka na jiya, man cikin tukunya ya koma kumfa fari-fari. Na kashe da sauri. Na zauna kan yashi na riƙe kai. Saƙon Yaya bai ce komi a kan kumfa ba. Malam Iliya ya ce jiya ma ai iska ce, wataƙila wannan ma gyatsa take nema. Ba mu da tabbas, amma na koma na yi ta juya bolan hagu da dama har kafaɗata ta mutu. Na tada, kukan ya ragu. Na kashe na sake juyawa. A tashi na gaba sai ƙarar inji kawai. Muka sauke motar, na juya bolan da tafin hannu ɗaya, ya bi.

Gwaggo ta miƙe tana goge hannu da gefen zane. Ta dubi motar, ta dubi gabas inda hadari ya fara baƙi.

"Tunda kun zo, ku ɗora hatsin da gadon, kada ɓarayi su ci banza. Ni ban ce zan bi ku ba."

Matan maƙwabta suka taya mu. Malam Iliya ya kwance gado, muka ɗora buhunan gero, tukwane, akwatin ƙarfe. Ina ɗaure igiya ta ƙarshe na ji ƙarar tasa a ƙarƙashin mota. Na sunkuya. Akuyar Gwaggo ce, Kyalla, ja mai farin goshi, da cikinta tsoho har yana jan ƙasa. Tasar ta kife, yashi ya jiƙe, gemun akuyar yana ɗigar jan ruwa.

Na ja ta waje. Na gaya wa Gwaggo abin da Yaya ya faɗa a Safo, ban rage komi ba. Ta buɗe bakin akuyar ta shinshina.

"Ta sha ko ba ta sha ba?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Nawa ne a cikin tasar?"

Na nuna da yatsa, na sake nunawa ƙasa da haka, don ban tuna ba. Malam Iliya ya tona yashin da ya jiƙe ya ce da yawa ya zube, amma shi ma bai san ko duka ne ba. Wata maƙwabciya ta ce a ba ta nono, wata ta ce tsamiya, wani tsoho ya ce garin gawayi. Aka ɗura mata gawayi da ruwa. Gwaggo ta ce wannan akuya ita ce abu na ƙarshe da Malam, mijinta, ya sayo mata a kasuwar Gabi. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta ba maƙwabciyar makullin.

"Ku kai ni wurin likitan dabbobi."

Ta ƙi zama gaba. Ta hau baya tsakanin buhuna, akuyar a jikinta.

Gabi zuwa gida

Mai duba dabbobin da muka samu a Gabi ya saurare mu, ya duba idon Kyalla, ya taɓa cikinta. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma ba shi da maganinsa. In ta sha da yawa za ta fara tangaɗi kamar mai maye, ta kwanta. Ya ce mu kai ta Madarunfa, can sun fi shi kayan aiki. Na dubi Gwaggo. Ta ce in ja mota.

Muka ɗauki hanyar yashi da ke yanke kai tsaye, don hadarin ya taso sosai. Malam Iliya ya koma baya wurin Gwaggo, yana ba ni labari ta ƴar tagar da ke bayan kaina.

"Tana tangaɗi."

"Tangaɗin guba ko na mota?"

"Ni ma tangaɗi nake, Sanusi, yaya zan gane?"

Can ya ce ta kwanta. Can ya ce tana nishi, tana miƙe ƙafafu. Idona ɗaya yana kan allurar zafi, wadda ta tsaya cak a tsakiya, ɗaya kan ramuka, kunnena yana baya. Shofaj yana kunne, don ba wanda ya ce in kashe. Da muka iso bakin gulbi, inda yashi yake da zurfi, aka buga rufin mota da ƙarfi. Na tsaya na zago da gudu, na riga na shirya abin da zan ce wa Gwaggo.

Na tarar ta naɗe hannun riga, Malam Iliya yana riƙe da kan akuyar.

"Haihuwa ce," in ji ta. "Kawo tsumma."

Na farko ya fito, namiji, ja kamar uwarsa, ya yi atishawa ya fara neman tashi. Na biyu ya daɗe. Da ya fito bai motsa ba. Gwaggo ta share masa hanci, ta hura masa baki, ta murza ƙirjinsa, ta juya shi. Sannan ta naɗe shi a tsumma ta miƙo mani. Na tona rami a gefen gulbi na rufe shi. Iska ta taso da ƙanshin ƙasa, ɗigon farko ya faɗo kan kapo.

"Babana, in za ka tsallaka ka tsallaka yanzu."

Na sa giya ta ƙarfi na shiga yashin. Motar ta yi ta lilo da kayanta, bolan yana bin hannuna duk inda na kai shi, muka hau ɗaya gaɓar. Ruwa ya tsuge a bayanmu. Malam Iliya ya ja tamfol ya rufe su duka huɗun.

Ana kiran magariba muka shiga Madarunfa. Likitan dabbobi ya riga ya tashi, amma Kyalla tana tsaye da ƙafafunta tana lasar ɗanta, har ta ja ganyen wake daga bakin wani buhu. Yaya Habu ya sa an fito da shi zaure a kan kujera. Ya gaida Gwaggo, sannan ya ce a buɗe masa kapo a haska. Ya sa na karanta masa inda kowane ruwa ya tsaya, ya sa na juya bolan yana saurare. Ya tambayi dalilin da ya sa cikin motar ke zafi haka. Na ce shofaj. Ya ce ai tun jiya ya kamata in kashe, da iskar ta fita. Malam Iliya ya dubi ƙafafunsa.

Na ba Yaya labarin tasar da ɗan akuyar da ya mutu. Na tambaye shi ko ruwan ne ya kashe shi. Ya ce shi mota ya sani. Gwaggo tana bakin ƙofa, ta ji mu.

"Bara ma biyu ta haifa, ɗaya bai zo da rai ba. Haka take."

Daga baya na tuna ta ce akuyar ce sayayyar Malam ta ƙarshe, kuma bai cika shekara da rasuwa ba. Wataƙila lissafin ya yi daidai, wataƙila ta faɗa ne don in iya cin tuwo. Ban tambaye ta ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu. Na gode wa Malam Iliya da ya bar shagonsa kwana biyu ya sha zafi saboda mu, da mai awon hatsi na Gabi da ya ba mu masauki, da matan ƙauyen da suka ɗauki buhuna a ka. Washegari da safe likita ya zo ya duba Kyalla ya ce bai ga komi ba, shi ma ba zai iya cewa ta sha ko ba ta sha ba. Yana fita Gwaggo ta kira ni tsakar gida. Ta ce ita dai rakiyar akuya ta yi, da gulbi ya janye za ta koma. Sannan ta nuna wani wuri kusa da ɗakin da aka share mata, ta ce in kafa turke a nan, mai ƙarfi, in kuma gaya wa kafinta ya zo ya haɗa gadon, kansa ya dubi gabas.